Ku Tambayi Anti: Littafin dodo da masu zane kullum

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Wasiƙun wannan karon kusan duk kan yara da littafi da fensir suke, yawanci kuma daga nan Ikko, sai na haɗe su waje ɗaya.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Dan Allah ki ba ni shawara, maigidana ne ya sayo wani littafin yara na gwanjo a Yaba wajen masu baza littattafai a ƙasa, na Turanci ne rubutun ba yawa sai hotuna, to hotunan ne matsalar wallahi, wasu halittu ne masu ƙaho da haƙora zaƙo-zaƙo cikin daji mai duhu, ni kaina da na buɗe sai da tsigar jikina ta tashi. 'Yan biyu gare ni shekararsu 6, namijin kullum sai an karanta masa har ya haddace, in an zo shafin dodon sai ya rufe fuska da hannu yana leƙe ta tsakanin yatsu yana dariya, ita kuwa macen da ta ga an ɗauko littafin sai kuka, jiya ma a gadonmu ta kwana. Kakarsu ta ce in ƙona shi kawai wai irin wannan ke jawo wa yaro shafar aljanu. Ni dai na rasa yadda zan yi.
Maman 'yan biyu, Agege

AMSA: 'Yar'uwa kar ki ƙona shi, amma daga yau ki daina buɗe shi gaban macen. Ciki ɗaya suka kwanta rana ɗaya suka zo, amma zuciya kowa da tasa, abin da ke wa Hassan daɗi shi ke hana Hassana barci.

Ita kuma Hajiya kaka, ranar da kuka zauna hira tana cikin nishaɗi ki tambaye ta da ladabi wace irin tatsuniya aka riƙa yi musu suna yara. Ba dodo ba ne ke tare yarinya a bakin rafi ya ce sai ta aure shi? Ba shi ke haɗiye gari guda da mutane da shanu da kaji, sai an farke cikinsa kowa ya fito ba? Kura fa, da mayya mai kama kurwa? Da wannan aka raine mu a tsakar gida, ba fitila sai farin wata, kuma mu ke roƙo a ƙara wata. Abin da ya sa bai haukata mu ba, tatsuniya tana da ƙofar shiga tana da ta fita. An ce ga ta nan ga ta nanku, kun ce ta zo mu ji ta, kowa ya san an shiga duniyar Gizo, in an gama a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, an rufe, dodo ya zauna can ciki, ga ka kuma jingine da cinyar kaka. Yaron da ke jin tsoro a irin wannan hali kamar mai leƙa rijiya ne yana riƙe da zanin uwarsa, zai ga zurfin gabansa ya faɗi amma ya san ba zai afka ba. Leƙen nan ta tsakanin yatsu da kika ce Hassan yana yi, ai shi ke auna wa kansa iya tsoron da zai iya ɗauka, yau ya buɗe kaɗan gobe ya ƙara. Littafi ya ba shi wannan damar tunda shafi ba ya motsi sai shi ya juya da hannunsa. Bidiyon waya kuwa bai ba shi ba, ga kiɗa mai tada hankali ga abu ya faɗo wa fuska ba sallama, kafin ki ankara wani ya biyo baya da kansa. In dai dole sai an raba yaran da wani abu a gidan nan, ni ba littafin zan fara nuna miki ba.

Sai dai fa ba duk littafin dodo ne ɗaya ba, Turawa ma sun daɗe suna wannan rigimar. A 1845 wani likita a birnin Frankfurt na Jamus, Heinrich Hoffmann, ya buga littafin da tun farko ɗansa mai shekara 3 ya yi wa, shi ya rubuta shi ya zana. A ciki akwai yaro mai tsotsar yatsa, tela ya faɗo ɗaki da ƙaton almakashi ya datse masa manyan yatsun biyu, akwai yarinya mai wasa da ashana ta ƙone ƙurmus sai toka, nan labarinta ya tsaya ba ceto ba komai. Littafin ya yi kasuwa, har yau ana buga shi, amma ni kam ba zan karanta wa ɗan shekara 6 shi da dare ba, saboda a nan babba ne ke razana yaro don ya yi masa biyayya. Sai a 1963 can Amurka Maurice Sendak ya fito da nasa, yaro ya yi rashin ji aka tura shi ɗaki ba abincin dare, ya shiga kwalekwale ya tafi ƙasar wasu dodanni masu ƙaho da farata, ya tsare su da ido ko ƙiftawa bai yi ba har su suka ji tsoronsa suka naɗa shi sarki, da kewar gida ta kama shi ya dawo ya tarar an ajiye masa abincinsa da zafinsa. Manya da yawa a lokacin suka ce zai firgita yara, shekara na zagayowa 1964 aka ba shi lambar Caldecott, babbar kyautar littafin yara mai hotuna a Amurka, yara kuma har gobe suna rububinsa. Shi da bakinsa ya ce dodannin daga kawunnansa da gwaggwanninsa ya kwaikwayo su, masu zuwa gidansu cin abinci suna jan kumatunsa. Kowa dai da irin danginsa.

To ki zauna ke kaɗai ki duba naku daga bango zuwa bango, ko Turancin ya yi miki nauyi hotunan za su gaya miki. Yaron cikin labarin yana da wata dabara tasa ko abu ne kawai ke ta faɗa masa? A shafin ƙarshe ya dawo gida lafiya? Dodon a daji yake can nesa ko kuwa ƙarƙashin gado da bayan ƙofar banɗaki? Wannan na ƙarshen ki kula da shi sosai, mu masu zaman gidan haya banɗaki yana can ƙarshen layi ga nepa ta ɗauke wuta, yaron da aka sa wa dodo a banɗaki fitsarin kwance za a koma.

Hassana kuma kar a tilasta mata, kar a yi mata dariya, kar a bar Hassan yana bin ta da littafin yana gurnani. A shekarunta ƙarya da gaskiya ba su gama rabuwa a kanta ba. A karanta wa Hassan nasa da la'asar ita tana wani waje, a mayar saman sif. Da dare Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi, a tofa a shafe su. Sannan wata rana da hantsi ki ba ta takarda da fensir ki ce zana min shi mu gani, in ta zana ki ce to a yi masa kitso, a sa masa ɗankunne da silifa ƙafa ɗaya, a raɗa masa suna. Za ki sha mamakin yadda dodon da aka yi wa kitso yake rasa kwarjini. Ku ma manya ku daina cewa ga dodo nan ko ga ojuju nan zai kama ka don yaro ya ci tuwo, wannan ya fi littafin ɓarna nesa ba kusa ba, tunda daga bakin wanda ya fi yarda da shi ya ji.

Abu ɗaya kuma, mugun mafarki yawanci can wajen asuba yake zuwa, yaro ya farka ya ba ki labari, wannan rarrashi ne maganinsa. Akwai kuma firgitar da ke zuwa awa ɗaya zuwa uku da kwanciya, yaro ya yi ta ihu ido buɗe bai ma gane ki ba, da safe bai tuna komai, shi wannan ba a girgiza yaro a tashe shi, a tsare shi dai kar ya ji ciwo har ta wuce, yawanci da girma take barinsu. In kuwa da zazzaɓi a jiki to a bar zancen littafi da aljanu a tafi asibiti gwajin maleriya.

TAMBAYA: Malama, ina koyarwa a wata Islamiyya. Yara na zane a bayan littafinsu, mutane da kyanwa da 'yan katun ɗin talabijin, wani lokaci in karɓe in yaga, sai kuma raina ya sosu ganin yadda jikinsu ke sanyi. Ya kike ganin abin?
Wani malami, Idi-Araba

AMSA: Allah gafarta Malam, ai ni ya kamata in tambaye ku, fatawa ba hurumina ba ce. Abin da dai ɗalibi ya sani, hadisai masu tsanani kan masu yin sura suna nan cikin Buhari da Muslim ba mai musun su. A can ne kuma wani da sana'arsa ke nan ya zo wajen Ibn Abbas, sai Ibn Abbas ya ce masa in dai dole sai ka yi to ka yi bishiya da duk abin da ba shi da rai. Ga kuma Nana A'isha tana wasa da 'yar tsana a gidan Annabi (SAW), har da doki mai fukafukai biyu a ruwayar Abu Dawud, ya gani ya yi dariya. Malaman Malikiyya abin da suka haramta shi ne cikakkiyar sura mai jiki mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe kan takarda ba su kai shi haramun ba, wasu malaman kuma suka hana duka. Kowane gida sai ya bi malamin da ya natsu da shi.

Yagawar ce dai ban so ba. Ko ra'ayin hanawa ka ɗauka, hannun da ke zana kyanwa yau shi zai yi zayyanar allo ranar sauka. Ka ba su dagin Arewa su kwaikwaya, da aska takwas ta gaban babbar riga, da zanen hula, da na bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, ga danfo ga hasumiyar masallaci ga jiragen ruwan Apapa, mutum zai shekara yana zane bai taɓa mai rai ba. In ma abin tsoro suke so, tsamiya ita kaɗai a bakin hanya da magariba, ko kangon gida ƙofa a buɗe ciki baƙi ƙirin, sun fi dodo goma.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Ni gadi nake a wani gida, da can acaɓa nake yi kafin a hana. Dare yana min tsawo sai na fara zane da biro a bayan kwalin Indomie, motar oga, get, bokiti, butata. Abokan aiki suna min dariya wai gemai-gemai da ni ina aikin 'yan firamare, na haura 40. Kuma gaskiya zanen bai da kyau, tayar mota sai ta fito min kamar ƙwai. Akwai amfani ko in bari?
Mai gadi, Lekki

AMSA: Malam kar ka bari. Su masu dariyar me suke yi da nasu daren, ba danna waya ba ne har caji ya ƙare?

Bari in fara da tayar nan, don albishir ce. In ka tsaya daidai gefen mota taya zagayayyiya ce, amma in kana zaune a bencinka motar tana karkace da kai, wallahi siffar ƙwai take da ita, haka bakin bokiti haka bakin buta. Ƙwaƙwalwa ce ta haddace cewa taya zagaye take, ido kuma yana ganin wani abu dabam, duk wahalar mai koyon zane ke nan, kai yana faɗa ido yana faɗa hannu ya rasa wa zai bi. Ranar da hannu ya fara bin ido an kama hanya, kuma ba wani malami da zai zuba maka wannan a rana ɗaya, sai da maimaici. Shi ya sa minti 10 kullum ya fi awa 3 ranar Lahadi, hannu mantuwa gare shi.

Riba ta farko gani ne. Wanda ya zauna ya zana get ɗin da yake buɗewa shekara da shekaru sai ya tarar bai taɓa sanin sandunansa nawa ba. Ga mai gadi kuwa wannan ba wasa ba ne, idon da ya saba auna tsawon hanci da faɗin goshi ba ya saurin manta baƙuwar fuska. An ma gwada abu makamancin haka, a 2016 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka ba mutane jerin kalmomi, wasu kalmomin a rubuta su a yi ta maimaitawa wasu kuma a zana abin da suke nufi, da aka zo tambaya waɗanda aka zana aka fi tunawa da nisa, kuma kyan zanen ko muninsa bai canza komai ba. Ta biyu natsuwa, mutumin da ya baro iyali a Arewa dare ya tsala tunani ya yi masa yawa, rabin awar da zai yi yana ƙirga layin inuwar buta hutu ce ga zuciya.

Maganar shekaru kuwa, akwai wani mai zane a Japan, Hokusai, an haife shi 1760 ya rasu 1849. Hoton igiyar tekun nan da ya zaga duniya yana da kusan shekara 70 ya yi shi, kuma ya rubuta da hannunsa cewa tun yana ɗan shekara 6 yake zane amma duk abin da ya yi kafin 70 bai kai a kula ba. Da ya haura 80 sai ya ɗora wa kansa zana zaki ɗaya kowace safiya, a al'adarsu wai na korar sharri, mu dai muna da azkar ɗinmu na safe, amma ka ga tsoho tukuf bai ce ya gama koyo ba. Kai da ka ɗan haura 40 ai yaro ne a wajensa.

Ka bar kwali haka, ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta mai arha, don mai tsada tsoron ɓata shi zai hana ka taɓawa. Kowane zane ka sa masa kwanan wata, kar ka yage shafi komai muninsa. Biron ma ka riƙe shi, alherinsa shi ne ba ya goguwa, dole ka duba da kyau kafin ka ja layi, in ka so daga baya ka ƙara da fensir HB da 2B, shi 2B ya fi laushi ya fi baƙi. Butar nan ka zana ta mako guda, yau ta gaba gobe ta baya jibi a kife. Fitilar get kuma gata ce gare ka, haske daga waje ɗaya yake zuwa inuwa ta fito sarai, sai ka riƙa jan ƙananan layuka kusa da juna inda duhu yake, inda ya fi duhu ka gitta wasu a kai. Ranar da ka tsallake babu ramuwa, washegari ka ci gaba abinka. Littafin ka riƙa sa shi a leda, damshin Legas ba ya barin takarda. Bayan wata 3 ka buɗe shafin farko ka ajiye kusa da na ranar, sannan ka yanke wa kanka hukunci, kafin nan ba ka da izini.

Kuɗi fa? Ban yi maka alkawari ba. Akwai masu ci da shi, masu rubuta allon shaguna, masu zana wa 'yan ɗinkin hula da masu aikin wuyan riga, amma kar ka fara da lissafin nan. Mutane sun yi ta yaɗa bidiyon yaron nan na Legas, Kareem Waris Olamilekan, da ya zana shugaban Faransa Macron cikin awa 2 a Ikeja a watan Yulin 2018 yana ɗan shekara 11, kowa na cewa baiwa ce baiwa ce, haka ne, amma shekarun da ya yi yana cika takardu kafin wannan daren ba a cika zancensu ba. Sai dai ka riƙa ɗaga kai kana duba get ɗin gaske, kar oga ya yi ta hon kana can kana gyara na takarda.

TAMBAYA: Anti ɗana shekararsa 9, tun da ya ga 'yan Eyo masu fararen kaya a cikin Ikko ba ya zana komai sai abin tsoro, fatalwa, ƙwarangwal, maciji mai kai bakwai. Maƙwabta sun fara cewa a kai shi ruƙiyya.
Baban yaro, Mile 12

AMSA: Alhaji addu'a kullum alheri ce, amma ƙwarangwal a littafin ɗan shekara 9 ba alamar komai ba ce, yaran wannan shekarun haka suke. Ka gaya masa Eyo mutum ne cikin farin yadi da hula da sanda, bikin mutanen tsibirin Legas ne. Kar ka ce mene ne wannan shirmen, ka ce ba ni labarin wannan, sai ka yi shiru. In ya hau zuba yana ƙara wa macijin kai na takwas to lafiya lau, ka ma ba shi labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura da Bayajidda ya sare wa kai ya zana maka.

Inda za ka tsaya ka natsu shi ne in abu ɗaya yake ta maimaitawa, da mutumin da kuka sani a ciki, ga shi kuma ya canza, ya daina ci, ya koma fitsarin kwance, ko yana ƙin zuwa wani gida ko wajen wani mutum. Yaran Legas suna ganin abin da ba sa faɗa, hatsari a titi, faɗan 'yan tasha, wani abin ma a cikin gida. A nan sai a zauna da shi a hankali ba tsawa, a ga likita in ta kama. Kuma ka tsare shi daga masu dariya, tsakanin shekara 9 zuwa 11 ne yara da yawa ke ajiye fensir, lokacin suke fara son zane ya fito sak hannu kuma bai kai ba, dariya ɗaya ta isa.

TAMBAYA: Anti ina ake samun irin waɗannan littattafan da Hausa? Ƙannena Hausarsu duk ta koma Yarbanci da broka.
Ɗaliba, Obalende

AMSA: Ƙanwata na Hausa masu hoto shafi-shafi sun yi ƙaranci ko a Arewa balle nan, to ku yi naku. Yawancin irin littafin nan shafi 32 ne, wato farar takarda A4 guda 8 a ninke biyu a ɗinke tsakiya da zare da allura. Ki sa a ɗauko miki muryar kaka a WhatsApp tana tatsuniya, ki rubuta layi ɗaya ko biyu a kowane shafi, ƙannen su yi zanen. Dabarar masu abin ita ce kar a nuna dodo da wuri, a fara da sawunsa a bakin rafi, sai inuwarsa, sai tulun yarinyar a fashe, shi kansa kuma a ajiye shi a bayan shafi yadda sai an juya za a ci karo da shi. In Nuwamba ta zo ki kai su bikin littattafai da zane-zane da ake yi duk shekara a Freedom Park kan titin Broad, tsohon gidan yarin Turawa ne aka mayar wajen shaƙatawa, kuma daga Obalende ba nisa, ku tafi da littafin naku a jaka ko da bai gama ba.